Horon ƙwaƙwalwa don ciwon ci ba ƙaƙƙautawa: abin da muka gani cikin makonni takwas a Birnin Kebbi

Shekaru da dama ana yi wa ƙanwata laƙabin "acici" a gidanmu, ana dariya, ita ma tana tayawa, ba tare da wani ya san cewa idan dare ya raba takan rufe ƙofar madafa ta cinye ragowar tuwon shinkafa da duk abin da hannunta ya kai gare shi, har sai cikinta ya ɗaure, sannan ta kwana tana kuka. Ba yunwa ke sa ta ba, kuma ba ta iya tsayawa idan ta fara. Likitan da ya fara sauraronta ne ya gaya mana cewa wannan ciwo ne mai suna ciwon ci ba ƙaƙƙautawa, wanda Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ware shi a matsayin cuta mai zaman kanta a 2013, kuma ma'auninsa shi ne abin ya riƙa faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har tsawon wata 3, tare da damuwa mai tsanani, ba tare da mai shi yana tilasta wa kansa amai ba.

Hidimar da nake son yin bayani a kanta ta wata cibiya ce mai zaman kanta a Abuja, wadda ke ba da hayar na'urar horon ƙwaƙwalwa, wato niyurofidbak. Sun aiko mana da ita ta tashar mota: wani madauri mai ƙananan maɓallan ƙarfe da ake ɗaurawa a kai, da ƙaramar kwamfutar hannu. Wata masaniyar halayyar ɗan'adam ce ke kula da zaman ta kiran bidiyo, zama 12 cikin makonni 8.

Yadda abin yake aiki ba shi da sarƙaƙiya kamar yadda sunansa ya nuna. Ƙwaƙwalwa tana fitar da raunanan igiyoyin lantarki, waɗanda likitan nan Bajamushe Hans Berger ya fara ɗauka daga kan ɗan'adam a 1924, kuma na'urar sauraronsu kawai take yi, ba ta tura wuta cikin kai. Wannan ne abu na farko da Inna ta tambaya, kuma sai da aka maimaita mata sau uku kafin ta yarda. Ana nuna wa mai jinya hoton abinci, sannan wani sanda ya bayyana a allo yana hawa yana sauka gwargwadon ƙarfin wasu igiyoyin ƙwaƙwalwa masu sauri da ake kira "beta", waɗanda ake dangantawa da zaƙuwa da rashin natsuwa. Aikinta shi ne ta nemo dabarar da za ta saukar da sandan. Masu bincike a Jami'ar Leipzig ta Jamus, ƙarƙashin Farfesa Anja Hilbert, sun gwada irin wannan horo a kan masu wannan ciwo, sai dai gwaje-gwajen da aka yi a fannin ƙanana ne, na mutane gommai, shi ya sa na ji haushin takardar tallar cibiyar da ta rubuta cewa hanyar "tabbatacciya" ce. Ita kanta masaniyar ba ta taɓa faɗin haka ba, kuma wannan ya ƙara mata daraja a idona.

Matsalar farko ba daga ƙwaƙwalwa ta taso ba, daga gashi ta taso. Kitso da man gashi sun hana maɓallan taɓa fatar kai, zaman farko ya tafi a banza, kuma babu wanda ya gargaɗe mu tun da wuri. Dole ta tsefe kanta ta wanke shi kafin kowane zama. Ga gumin bazara da ke rikita karatun na'urar, ga ɗauke wuta, ga intanet da ya yanke mana zama biyu a tsakiya. An rama mana ɗaya, ɗayan kuwa aka lissafa shi cikin kuɗi.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne hotunan. Fiza da cakulan da gurasar Turawa aka riƙa nuna mata, ita kuwa ko a jikinta. Bayan zama na uku ta ce mini, "Yaya, wallahi waɗannan ba su motsa ni, su sa masa da tsire su gani." Masaniyar ta amince, muka ɗauki hoton masa da miyar taushe, da soyayyen kifin Yawuri, da fura da nono, aka ɗora. Ranar sandan ya yi sama kamar an zuga shi, kuma daga ranar ne horon ya zama horo. Ya kamata cibiyar ta fara da wannan ga duk wanda ya zo mata daga Arewa.

An samu sauƙi, ba zan ɓoye ba. Daren da take faɗawa ci ya ragu sosai, kuma ta ce yanzu tana jin zuwan sha'awar tun daga nesa, kamar yadda ake jin iskar hadari kafin ruwa, har ta samu sararin fita tsakar gida ta ja numfashi. Amma a daidai wannan lokaci masaniyar ta sa ta daina tsallake kalaci, ta riƙa ci a kan lokaci, tana kuma rubuta abin da ya ɓata mata rai kafin kowane dare mai wuya. Waɗannan dabaru ne na jinyar tattaunawa mai gyara tunani da ɗabi'a, wadda ita ce likitoci suka fi ba da shawara a fara da ita, kuma ina kyautata zaton rabin nasarar ko fiye daga nan ta fito. Nauyinta kuwa bai sauya ba, duk da cewa tallar ta yi nuni da cewa zai ragu.

Kuɗin ya yi yawa ga albashin malamin makaranta irina. Wanda ba shi da hali, na fi so ya fara neman sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a babban asibiti mafi kusa da shi, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato. Mun mayar da na'urar a makon jiya, ƙanwata kuma ta nemi ta ci gaba da ganawa da masaniyar sau biyu a wata, ba tare da madaurin ba.