Eguisheim, ƙauyen inabi a Faransa: abin da matafiyi zai tarar

’Yan uwa na gida, gaisuwa mai yawa. Masu zuwa hutu ko karatu suna yawan tambaya game da ƙauyukan inabi na yankin Alsace, gabashin Faransa kusa da iyakar Jamus. Ga bayanin ɗaya daga cikinsu, Eguisheim, wanda a 2013 aka zaɓa a matsayin ƙauyen da Faransawa suka fi so.

Daga Paris jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum Colmar cikin awa biyu da rabi ko ƙasa da haka. Daga Colmar saura kamar kilomita 7, kuma a nan baƙo yake fara shan wahala. Babu ɗan acaɓa, babu a-daidaita-sahu, tasi ma sai an kira ta a waya. Bas kaɗan ne, ran Lahadi kuwa kada a dogara da shi. Hayar keke a Colmar ta fi sauƙi, hanyar shimfiɗe take ta tsakiyar gonaki.

Ƙauyen Eguisheim a zagaye yake kamar faifai, lunguna suna kewaye juna, gidajen katako da fenti kala-kala, furanni a kowace taga. A kan rufin gidaje za ka ga manyan sheƙoƙi na wani tsuntsu fari ɗan uwan shamuwa, wanda wasunsu har Afirka suke zuwa idan sanyi ya shigo. Daga saman tudu ragowar ganuwar fadoji uku na dā suna kallon garin. Ruwan da yankin Colmar ke samu a shekara bai kai na Kano ba, don tsaunukan Vosges suna tare gajimare, shi ya sa inabi ya karɓi ƙasar. Amma ko zangarniyar inabi ta leƙo bakin hanya kada a tsinka, a wurinsu sata ce.

Ciniki a nan agogo yake bi. Gidan abinci yakan buɗe daga sha biyu zuwa biyu, ya rufe sai wajen bakwai na yamma. Wanda ya iso ƙarfe uku da yunwa, ba mai shayi, ba mai tsire, ba mai ƙosai a bakin titi. Alsace tana da tsohuwar dokarta ta daban wadda ta sa yawancin kantuna ke rufe ran Lahadi, haka ma 26 ga Disamba. Farashi a rubuce yake, ba a tayawa, kuɗin hidima yana ciki. Ruwan famfo kyauta ne ga mai cin abinci, a ce a kawo carafe d’eau. Yuro ɗaya sefa 655 ne da ’yan kai, mutanen Nijar su yi lissafi tun kafin su zauna.

Abin da ya fi damuna shi ne abincin, domin Musulmi zai iya cin haram bai sani ba. Choucroute kabeji ne mai tsami da naman alade a kansa. Tarte flambée kamar siririyar gurasa take da kirim da albasa, amma ana barbaɗa mata yankakken naman alade, sai a ce a yi ta ba tare da shi ba tun wajen oda. Baeckeoffe ya haɗa alade da naman da aka jiƙa a giya. Har kaza da kifi ana yi musu miya da giyar riesling, don haka tambaya biyu ce kullum: akwai alade, akwai giya?

Ruwan inabi marar maye yana nan, sunansa jus de raisin, kuma ya fi na kwali da muke saye a gida nesa ba kusa ba. Sai dai lokacin girbi, Satumba zuwa Oktoba, ana sayar da wani mai zaƙi da duhu-duhu da suke kira vin nouveau. Ya riga ya fara tsima, giya ce, komai zaƙinsa.

Babu masallaci ko mahaucin halal a ƙauyen. Dukansu suna Colmar, wurin Turkawa da Larabawan Arewacin Afirka, a sayi guzuri a can. Wanda yake son Juma’a a babban masallaci ya hau jirgi zuwa Strasbourg, tafiyar kamar rabin awa daga Colmar, inda aka buɗe babban masallacin garin a 2012.