Katin Mbappé: farashin littafi ko na kasuwa?

Malam, kan katin Mbappé ɗinka na Panini Prizm (samfurin katunan hoton 'yan ƙwallo da ake tarawa ana sayarwa) na gasar cin kofin duniya ta 2018, da kake tambaya ko Beckett, masu buga littafin farashin kati, za ka bi wajen sa masa kuɗi, ko eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet: bi eBay. Amma ka shiga ɓangaren kayan da aka riga aka sayar, ba waɗanda aka baje ana jiran mai saye ba. Kowa na iya rubuta dala dubu a kan katinsa, ya shekara ba wanda ya ko taya.

Ni ma sai da na ƙone hannu kafin na gane. A 2021, lokacin da korona ta kulle mutane a gida, harkar kati ta haukace a nan Amurka, wani mai tebur a wurin baje kolin kati ya buɗe mini littafin farashi, ya ɗora yatsa a kan babban adadi, ya ce ragi ma ya yi mini. Na biya ina murna. A 2022 kasuwa ta sauko, katin nan har yau yana cikin durowa, ko rabin uwar kuɗina ban ga mai ba ni ba. Laifina ne, ban duba ko'ina ba.

Daga baya na je neman katin Haaland samfurin Topps Chrome wajen wani dattijo mai ɗan shago. Ya faɗi kuɗinsa, na zaro waya na nuna masa ciniki biyar na ƙarshe da aka yi a kan irin katin. Ya gyara tabarau, ya duba, ya yi dariya ya sallama a kan na tsakiya, har ya ƙara mini da ledar ajiya. Ba musu, ba rantse-rantse. Yanzu in sabon kaya ya shigo, shi ke fara kirana.

Ga yadda nake dubawa. eBay na nuna cinikin kimanin kwana 90 da suka wuce, to ka fi kula da na makonnin baya-bayan nan, don ƙwallo ɗaya ko rauni ɗaya kan juya farashin ɗan wasa. Ka watsar da mafi tsada da mafi araha, ka riƙe na tsakiya. In ka ga an ja layi a kan farashi, tayi aka karɓa ƙasa da haka, kuma shafin 130point kan nuna ainihin abin da aka biya. Sannan ka tabbata irin katinka ne sak: na gama-gari daban, mai ƙyallin azurfa daban, wanda PSA, kamfanin da ke ba kati maki gwargwadon kyansa, ta auna ta rufe a roba kuma daban. Makinsu daga 1 ne zuwa 10, kuma tsakanin 9 da 10 kaɗai kuɗi kan ninka. Kar ka manta da la'adar eBay, wajen kashi 13 cikin ɗari, ga kuɗin aikawa. Abin da ya rage shi ne naka.

Beckett kuwa, to, tun 1984 mujallarsu ke fitowa, kuma tana da amfani wajen gane sunan kati da lambarsa a jeri. Iyakar abin da nake nema a ciki ke nan. Farashi biyun da suke sa wa kati, ƙarami da babba, kiyasi ne, kuma mai sayarwa babban yake nuna maka, in ya zo saye ya tuna da ƙaramin.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu ha'inci. Akwai mai sa abokansa su yi ta ƙara tayi a gwanjo don farashi ya kumbura, a ƙarshe ba wanda ya biya; shi ya sa ciniki ɗaya da ya yi tsalle sama da sauran ba hujja ba ne. Akwai masu aske gefen kati don ya yi kama da sabo, akwai robar PSA ta jabu. Ka sa lambar da ke jikin robar a shafin PSA, ka ga ko katin da ya fito shi ne na hannunka. Wanda kuma ya ce ku koma WhatsApp ka tura kuɗi kai tsaye don a kauce wa la'ada, ce masa albarka.