Ido a Waje ko Ido a Kan Agogo?

Ɗan Bauchi da ya je Zariya koyon tuƙin jirgin sama zai haɗu da darasin juyi mai tsanani: ya karkatar da ƙaramin jirgi digiri 45, ya zagaya da'ira cikakkiya, kada tsayinsa ya sauya fiye da ƙafa 100. Ina zai ajiye idonsa, a waje ko a kan agogo, wato na'urorin awo da ke gaban matuƙi?

Mai kallon waje yakan nemi inda layin da sama ta haɗu da ƙasa ya ratsa hancin jirgin, ya riƙe shi nan. Hancin na fara sunkuyawa zai gani, ya ja sitiyari kaɗan, ya ƙara wuta. A wannan karkata nauyin jikinsa ya ninka kusan sau 1.4, kujera na danne shi, amma hannunsa na gyara tun kuskuren yana ƙarami. Kuma shi ne zai hango wani jirgin idan ya kusanto.

Mai zura wa agogo ido yana samun lambobi, sai dai allurar hawa da sauka takan makara. Sai ya yi ta binta, ya ja, ya saki, jirgin na tangaɗi kamar kwale-kwale.

Ni dai ina bayan kallon waje, da leƙen agogon tsayi jefi-jefi. Amma duk wanda ya san hazon hunturu a filin jirgin Durum da ke Bauchi ya san akwai ranar da layin nan ke ɓacewa ɓat. Ranar, agogon da ke nuna karkatar jirgi ne abin dogaro, malami kuma yakan ɗage darasin.