AVG ko OPS wajen jera 'yan wasan besbol

Ɗan'uwa, ka tambayi wane ma'aunin bugu ya fi wajen jera 'yan wasan besbol, AVG ko OPS. Ɗauki OPS ka huta.

Ni ma da AVG na fara (wato kason bugu masu kyau cikin duk damar bugun da mutum ya samu), don ita suke fara nunawa a talabijin da zarar mai bugu ya tsaya da gorarsa. Wanda ya raba ni da ita wani dattijo ne maƙwabcina a nan Bronks, cikin birnin New York, mutumin Jamhuriyar Dominika, irin waɗanda suka buɗi ido suka ga wasan a ƙofar gida. Wata rana muna jiran layi a shagon aski sai na cika baki cewa a 2004 babu kamar Ichiro Suzuki na Seattle Mariners: bugu 262 masu kyau (waɗanda suka kai shi zango ba a fitar da shi ba), tarihin da har yau ba a karya ba, AVG ɗinsa .372, Barry Bonds kuma .362. Tsohon nan ya yi dariya har da tari. Ya ari biro a wurin mai askin, ya rubuta mini OPS ɗinsu a bayan wani rasit: Ichiro .869, Bonds 1.422. Rasit ɗin yana nan cikin aljihun motata har yanzu.

Ga yadda ya warware mini. A wurin AVG, bugun da ya kai ka zangon farko kawai (cikin zanguna huɗu da ake zagayawa a ci maki) da wanda ya tsallake katanga duk kuɗinsu ɗaya. Cikin 262 na Ichiro, 225 na zangon farko ne, 8 kaɗai suka tsallake katanga. Bonds ya tsallakar da 45. Sannan idan mai jifa ya kauce sau huɗu aka ba ka zango kyauta, AVG ba ta ma san an yi ba. A shekarar an ba Bonds wannan kyautar sau 232, sau 120 daga ciki da gangan, tsabar tsoronsa da ake ji. OPS kuwa abu biyu take haɗawa: yawan yadda kake isa zango ta bugu mai kyau ko ta kyauta, da nisan da bugunka yake kai ka. Na farkon a wurin Bonds .609 ne, wato kusan sau shida cikin goma ba a iya fitar da shi. Zargin shan ƙwayoyin ƙara kuzari da ke kansa wata magana ce daban, kada mu buɗe ta yau, sai mu kwana a nan.

AVG dai tana da sauƙin ganewa, kuma .406 na Ted Williams a 1941 abin tunawa ne. Iyakarta ke nan.

Wanda ka gani da OPS .800 ɗan wasan kirki ne, .900 gwani, wanda ya haura 1.000 kuwa gwarzon shekara ake masa zance. Sai dai ba ta auna cafke ƙwallo ko gudu, masu jifa ma nasu ma'aunin daban ne. Idan ƙungiyoyi za ka jera, duba tazarar makin da suka ci da wanda aka ci su a wasanni 162 na kaka guda.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallan "jadawalin sirri" a WhatsApp da Telegram. Na taɓa ba wani dala 20, ya turo mini jerin sunaye da aka tsara da AVG zalla, ashe ma na bara ne ya sauya wa shekara. Da na yi magana ya toshe lambata. Yawancinsu caca suke son jan ka ciki, Allah ya tsare. Alƙaluman nan kyauta suke a shafukan intanet na Baseball-Reference da FanGraphs. Kuma kada lambobin watan Afrilu su ruɗe ka, kaka ta fara ke nan. Hukumar babbar gasar besbol ta Amurka (MLB) kanta ba ta sa mutum a jerin gwanayen bugu na shekara sai ya tsaya bugu sau 502.