Rama ko ɓawon kwakwa: wace igiya ke jure daminar Legas?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu na Agege ya ce yana son koya wa yaransa tufkar igiya kamar yadda aka koya mana a ƙauye, sai dai nan babu kaba, babu kalgo, kuka ma sai a miya. Tambayarsa ita ce, tsakanin rama da ɓawon kwakwa wanne ya fi. Malam, na tufka duka biyun, ga abin da hannuna ya gani.

Rama dai tamu ce. Wata uku zuwa huɗu take yi a gona ta zarce tsayin mutum. Ka yanke, ka ɗaure dami, ka danne ta da dutse a kududdufi kamar mako ɗaya zuwa biyu har ɓawon ya saki, sannan ka ɗaye, ka wanke, ka shanya. Silin da zai fito maka dogo ne, mai laushi, kuma tsayin nan shi ne ƙarfinta, don ba ka yawan yin ƙari a tsakiyar tufka. In a daji kake kana gaggawa, ɗanyen ɓawon ma ya isa ɗaure itace. Matsalarta a nan ita ce jiƙon. Na taɓa jiƙa ta a baho a gidan haya, ba a yi kwana huɗu ba maƙwabta suka kai ni ƙara wurin mai gida saboda wari. Ka nemi bayan gari.

In ramar ta yi maka wuya, ga ƙanwarta nan cike da kasuwar Mile 12: lalo, wanda Yarbawa ke kira ewedu. Da zarensa ake saƙa buhunan zuba koko a Bangaladash da Indiya. Amma na kasuwa tun yana ƙarami ake yanke shi don miya, babu abin tufkawa a jikinsa. Sai ka shuka naka a matse, ka bar shi ya yi wata huɗu ya miƙe.

Ita kuwa kwakwa, ba sai ka shuka komai ba. Daga Badagry, garin bakin teku a jihar Legas, ake kwararo ta, masu fasawa kuma sukan zubar da ɓawon ne, ka roƙa a ba ka. Wahalar tana gaba. Zarenta gajere ne, da ƙyar ya wuce taƙi guda, ga kaushi kamar gashin tsintsiya. A Kerala ta ƙasar Indiya, inda sana'ar ta kafu, sukan bar ɓawon cikin ruwa wata da watanni kafin a buga. A gida, ka jiƙa busasshen ɓawo na 'yan makonni, ka ɗora a kan kututture ka yi ta dukansa da taɓarya har garin ya zube, gashin ya rage. Wurin tufka kuma nan ake gane mai haƙuri. Rama kana murza ta a cinya, sili biyu, kowanne ka murɗa shi gefe guda, sannan ka naɗe su da juna ta ɗaya gefen, igiya na sauka kana hira. Kwakwa kuwa a tafin hannu ake murza ta, duk ɗan taku sai ka ƙara gashi, kuma kada ƙarin silin biyu ya faɗo wuri ɗaya, don nan za ta tsinke. Yini guda da na yi a kanta, sai da hannuna ya yi kanta.

In aka zo ja-in-ja a bushe, kauri ɗaya da kauri ɗaya, rama ta fi kwakwa ƙarfi nesa ba kusa ba. Kwakwa miƙewa take yi, ka ɗaure tamau da safe, da yamma ka tarar ta yi sako-sako.

To amma Legas ba Katsina ba ce. Layyar 2024 ta faɗo tsakiyar Yuni, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na ɗaure tamfol ɗin rumfar raguna, kusurwa biyu da igiyar rama da na zo da ita daga gida, biyu da ta kwakwa. Ramar ba ta taɓa samun bushewa ba, ta yi baƙi, ta yi funfuna, ka kama ta sai ta bar maka santsi a yatsa. Wata guda bayan Sallah iska ta taso da dare, ɓangaren rama ya ɓalle. Ta kwakwar da nake rainawa tana nan, sau biyu kawai na ƙara mata ɗauri. Ruwa ba ya saurin cin ta, har ruwan gishiri, kuma ba ta nutsewa. Jiragen ruwan Larabawa na da a tekun Indiya, da ita ake ɗinke katakonsu a maimakon ƙusa.

Saboda haka, Malam, in koyar da yara ne, fara musu da rama ko lalo, su ga igiya ta fito tun hannunsu bai gaji ba. Abin da zai kwana a waje kuwa, igiyar shanya, rumfa, kwalekwale a bakin ruwan Legas, ba shi kwakwa, ka yi mata tufka uku don cike rashin ƙarfinta.

Kafin jiƙonka ya nuna, akwai moda, shukar nan mai tsayayyen ganye kamar takobi da ake sawa a tukwane a ƙofar ofisoshi. Da ita maharba ke yin tsirkiyar baka. Ka kwantar da ganye ɗaya a kan katako, ka kankare shi da bayan wuƙa, farin zare zai fito nan take, yaro ya tufka kirtaninsa kafin la'asar. Ka dai gargaɗe su, igiyar gwaji ba ta hawa bishiya ko shiga rijiya ba ce.