Babban ofishin lauyoyi ko ƙarami: ina ya dace ɗalibi ya je sanin makamar aiki?

Yawancin masu karatun lauya, in lokacin sanin makamar aiki ya zo, ofishin da ya fi suna suke hari. Ba laifi ba ne, suna yana buɗe ƙofa. Amma abin da ya kamata ka fara bincika shi ne wa zai karanta abin da ka rubuta, ya bi shi da jan biro, ya zaunar da kai ya nuna maka inda ka kauce. Wurin da babu irin wannan mutumin, ɗumama kujera kawai za ka yi, komai tsayin benen.

Manyan ofisoshi masu harkar kamfanoni, bankuna da haɗewar kasuwanci sun fi kowa tsari. A Ingila, ofisoshi irin su Linklaters suna ɗaukar ɗalibai na 'yan makonni lokacin hutu, daga cikinsu kuma sukan zaɓi da yawa daga waɗanda za su horar na shekara 2, ana zagayawa da su sashe-sashe, galibi wata 6 a kowanne. A Amurka, ɗalibi kan yi kimanin mako 10 a ofishi bayan shekararsa ta biyu, kuma yawanci daga nan ake yi masa tayin aiki tun bai kammala ba. Ke nan zaman nan jarrabawar ɗaukar aiki ce mai tsawo, ana lura da kai har a wurin cin abinci. Za ka samu alawus mai kyau, da ɗakin karatu, da manhajojin binciken hukunce-hukunce masu tsada. Za ka koyi rubuta lokacin da ka kashe a kan kowane fayil, wanda a wurare da dama ake ƙirgawa minti 6-6, don da shi ake cajin wanda ake yi wa aikin. Sai dai rabonka a aikin ɗan gutsure ne: duba tarin takardun kamfanin da ake shirin saye, ko gyara sakin layi ɗaya a yarjejeniya mai shafi ɗari. Kana iya gama zamanka ba ka taka kotu ba, ba ka kuma ga fuskar wanda ake yi wa aikin ba.

Ƙaramin ofishi mai lauya uku ko huɗu akasin haka yake, kuma ga wanda yake son tsayawa gaban alƙali, ni nan na fi karkata. Hannu ya yi kaɗan, dole a ba ka aiki na gaske. Kai za ka zana takardar rantsuwa, ka kai ƙara wurin magatakardan kotu, a dawo maka da ita saboda kuskuren da ba a taɓa ambata a aji ba, ka gyara ka koma. Za ka zauna a gefe lokacin da mai matsala yake zayyana labarinsa a hargitse, ka ga yadda gogaggen lauya yake tsamo hujjar da za ta yi amfani daga cikin surutu da ɓacin rai. Za ka ga yadda ake shirya shaida, da yadda ake yi wa shaidar ɗaya ɓangaren tambayoyin ƙure, da yadda ake ɗage zama bayan an wuni ana jira. Haɗarin shi ne komai ya rataya a kan halin mutum ɗaya. In maigidan mai son koyarwa ne, wata uku a wurinsa ya fi shekara a wani wuri. In ba haka ba, ɗan aike da ɗaukar jaka za ka zama. Alawus kuma ba tabbas.

Sashen shari'a na kamfani ko ma'aikata yana koyar da karanta kwantiragi da bai wa shugabanni shawara a taƙaice, kuma ana tashi a kan lokaci. Amma manyan shari'o'insu lauyoyin waje suke miƙa wa, don haka ya fi amfani a matsayin zama na biyu.

Cibiyoyin taimakon marasa galihu da ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam su ne suka fi saurin haɗa ɗalibi da mutane: neman beli, rikicin haya, korar ma'aikaci ba bisa ƙa'ida ba. Fayil sun yi yawa, masu duba aikinka sun yi kaɗan, kuɗi kuma sau da yawa babu. Ko sakatariyar Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta biyan masu sanin makamar aiki albashi, don haka ka lissafa masauki da sufuri kafin sunan wuri ya ruɗe ka. Akwai kuma zama a ƙarƙashin alƙali, wanda ɗalibai kan raina. A nan ne za ka karanta takardun ɓangarori biyu a jere, ka gane da idonka irin rubutun da ke gamsar da kotu da wanda ke gajiyar da ita.

Kafin ka amsa tayin kowa, tabbatar cewa hukumar da ke ba da lasisin lauya a ƙasarka za ta ƙirga wannan zaman. Dokokin sun bambanta sosai. A Ingila da Wales, tun da aka kawo jarrabawar zama lauya ta SQE a 2021, ana neman gogewar aiki ta shekara 2, kuma an yarda ka tara ta a wurare har 4, muddin lauya mai lasisi ya tabbatar. A Faransa, horon makarantar lauyoyi wata 18 ne, wata 6 daga ciki a ofishin lauya ake yin su.

Sai ka nemi wanda ya yi zama a wurin kafin kai, don shi zai faɗi abin da takardar talla ba za ta faɗa ba. Tambaye shi sau nawa aka dawo masa da rubutunsa da gyara, ko an taɓa tafiya da shi kotu ko zaman sulhu, da ko akwai waɗanda aka riƙe aiki daga cikin 'yan zangonsu. A wurin ganawa ma kana da damar tambayar sunan wanda zai kula da kai. In aka ce "ai kowa zai taimaka maka", to ba a ware kowa ba.

In ka fara, riƙe littafin da kake rubuta irin aikin da ka yi kowace rana, mai kula da kai ya riƙa sa hannu, don shi za ka nuna wa hukuma da masu ɗaukar aiki. Kada sunan wanda ake yi wa aiki ko bayanin fayil ya shiga ciki, balle WhatsApp ko Facebook. Sirrin wanda ofishi yake wakilta ya hau kanka tun ranar farko, kuma yana nan a kanka bayan ka bar wurin.