Hamida Biyu, ta Alƙahira da ta Meziko

Ƙanwata, tambayar da kika jefo mana daren Alhamis ita ta hana ni barci da wuri. Kin ce littafin nan da kika karanta sau uku tun kina Kano za a mai da shi shiri mai dogon zango, kuma kin ji an ɗauke labarin daga cikin birni an kai shi Abuja, an sauya wa yarinyar suna, tela ya koma ma'aikacin banki. Kika tambaya ko wannan ba cin amana ba ne, kuma wanne ya fi: fim ɗin da ya bi littafi sau da ƙafa, ko wanda ya yi gaban kansa. Kusan duk waɗanda suka amsa miki sun ce a bi littafi. Ni ma a da can nake, har sai da na ga littafi ɗaya ya haifi 'ya'ya biyu da ba su kama da juna.

Littafin shi ne Zuƙaƙul Midaƙ na Najib Mahfuz, marubucin Masar da ya karɓi kyautar Nobel a 1988. A 1947 ya fito. Labarin wani ƙaramin lungu ne a tsohuwar Alƙahira, wajen masallacin Husaini, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojan Ingila sun cika gari da kuɗi. Akwai gidan shayin Kirsha, akwai Ammu Kamil mai sayar da basbusa, wani kayan zaƙi, da kullum gyangyaɗi ke ɗibarsa a bakin shago, akwai Abbas wanzami, yaro mai haƙuri. Sai Hamida, kyakkyawa, bakinta kamar reza, wadda ta tsani lungun kamar ta cinna masa wuta. An yi musu baiko da Abbas, ya tafi sansanin sojan Ingila a Tallul Kabir neman kuɗin aure. Kafin ya dawo wani ɗan kwalisa mai suna Faraj ya yaudare ta ya fitar da ita, ya jefa ta harkar banza.

Mu da ke zaune a Jidda wannan ba baƙon labari ba ne. Samari nawa muka sani da suka zo da niyyar shekara biyu su tara kuɗin lefe, ana nan ana fama da iƙama (takardar izinin zama) da kafili (ubangidan da ya tsaya wa mutum), sai saƙo ya zo daga gida cewa an ɗaura da wani? Shi ya sa Abbas ya tsaya mini a rai tun karatun farko.

Fim na farko na Masar ne, 1963, Hasan al-Imam ya ba da umarni, Shadiya ta fito a Hamida, Salah Ƙabil a Abbas. Na fara ganinsa a tashar tsofaffin finafinai, muna zaune da marigayiya surukata tana gyaran mulukiya a faranti. In dai bin littafi kike nema a ido, ga shi nan: lungun shi ne, sunayen su ne, harshen shi ne, gidan shayin da shagon askin duk suna inda kika bar su. Mai kallo zai rantse shafi-shafi aka bi.

Na biyu na ƙasar Meziko ne, 1995, Jorge Fons ya ba da umarni, sunansa El callejón de los milagros, wato lungun abubuwan al'ajabi. Nan kam ba a bar komai a mazauninsa ba. Alƙahira ta koma tsakiyar birnin Meziko, shekarun yaƙi suka koma zamanin da aka yi fim ɗin. Gidan shayi ya zama mashaya inda maza ke buga domino. Hamida ta zama Alma, Salma Hayek ce ta fito a ita tun kafin ta yi suna a Amurka. Abbas ya zama Abel, kuma maimakon sansanin Turawa, Amurka ya tsallaka neman kuɗi. Har tsarin ba da labarin an wargaza: an raba shi kashi-kashi, ana komawa kan teburin domino ɗin nan a sake farawa ta idon wani mutum daban. Da ke ce marubuciyar, a minti goman farko za ki kira lauya.

To, ki biyo ni ƙarshen labari, don a nan zancen yake.

A littafi, Abbas ya tarar da Hamida a mashaya cikin sojan Ingila. Zuciya ta ɗebe shi ya jefe ta da kwalba a fuska, sojojin suka rufar masa da duka har ya mutu. Hamida ta ji rauni, ta warke. Lungu ya yi kwana biyu yana jimami, Ammu Kamil ya yi kukansa, sannan kowa ya koma harkarsa kamar ba a yi ba. Wannan ɗacin shi Mahfuz ya rubuta littafin don ya ɗanɗana mana. Mai gaskiya ne ya biya farashi, duniya kuma ko gezau.

Fim ɗin Masar, wanda ya riƙe kowane suna da kowace kujera, ya juya wannan. Hamida ce harsashi ya samu, ita ta mutu, Abbas ya rayu. Surukata da ta ga haka ta ajiye faranti ta ce, "To, alhaki kuikuyo ne." Hankalinta ya kwanta, an hukunta mai laifi, an tashi lafiya. Amma Mahfuz bai rubuta labarin don hankalin kowa ya kwanta ba. Fim ɗin Meziko kuwa, wanda bai bar ko suna ɗaya ba, ya bar wuƙar inda marubuci ya soka ta: Abel ya je ɗaukar fansa kan mutumin da ya lalata Alma, shi aka kashe, ya cika a hannunta, ita tana raye da abin da ta zaɓa.

Yanzu ki faɗa mini, a cikin biyun wa ya ci amana?

Ni a wurina na Masar ya riƙe riga ya saki mai rigar. Ba ina cewa fim ɗin banza ba ne, Shadiya ta yi wasa, kuma har gobe in na ci karo da shi ba na sauya tasha. Na kuma fahimci abin da ya ja su: mai zuba kuɗi yana tsoron 'yan kallo su fita suna tsaki, ga masu tace finafinai, ga tauraruwar da jama'a ke so a tausaya mata. Mutuwa tana wanke Hamida a idon mai kallo. Sai dai wankin nan shi ne sauyi mafi girma da za a iya yi wa littafin, ya fi ɗauke shi daga Alƙahira zuwa wata nahiya nauyi nesa ba kusa ba.

Kada kuma ki ɗauka na Meziko na wanke tas. Akwai wuraren da ya buɗe abin da Mahfuz ya faɗa a sakaye, ba fim ne da za ki kunna a falo yara na zaune ba, ni ma sai da na riƙa tsallake wasu wurare. Ya kuma rasa wani abu da ba ya ɗaukuwa zuwa wata ƙasa: sojan mamaya. A littafi hannun Turawan da ke zaune a ƙasar ne ya kashe Abbas, kuɗinsu ne ya ja shi ya ja Hamida, har masu sharhi da dama suna karanta Hamida a matsayin Masar kanta. A Meziko wannan ya koma rigimar mutum da mutum. Asara ce, ba ƙarama ba.

Abin da duka biyun suka kasa shi ne shiga cikin kan Hamida. Mahfuz yana zaunar da ke a zuciyarta shafi bayan shafi, kina jin yadda take auna Abbas da attajiri Salim Alwan kamar mai auna tumatir a kasuwa, kina jin haushinta kina kuma gane ta. Kyamara fuska kawai take gani. Wannan ba laifin darakta ba ne, haka sana'ar take, kuma duk wanda ya ce zai zuba littafi mai ɗaruruwan shafi cikin awa biyu ba tare da ya zubar da wani abu ba, bai taɓa gwadawa ba. Shi kansa Mahfuz ya rubuta wa finafinai labari da yawa, ya san aikin ciki da waje, amma an san shi da barin littattafansa a hannun wasu su mai da su fim.

Shirin naki mai dogon zango matsalarsa ma daban ce. Shi ba yankewa zai yi ba, ƙari zai yi, don littafin da kike gamawa a dare biyu ba zai cika zango uku ba sai an cusa masa kishiya da boka da ɗan daba. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan Abuja da banki. Tela ya zama ma'aikacin banki, in har talaucin da ya hana shi auren yana nan ta wata siga, ban damu ba. In kuwa an azurta shi don a samu damar nuna motoci, to an cire ginshiƙin da ɗakin ke tsaye a kai.

Ki ɗauko littafin, ki nemo wuri ɗaya da ya sa kika rufe shi kika yi shiru, ki rubuta a takarda wa ya yi asara a wurin kuma me ya jawo. Ki ajiye takardar cikin littafin har shirin ya ƙare. Fim ɗin Masar ɗin yana yawan dawowa a tashoshin tsofaffin finafinai, in kin shigo Jidda kafin azumi ki biyo ta gida, littafin Mahfuz na Larabci yana nan a kabad, sai dai bangon baya ya cire.